Ciwon Toshewar Jijiyoyin Zuciya da Awon Kalsiyam ta Hanyar Hoto: Matsayinsu a Ƙasar Daura

1.0 GABATARWA

Idan Bahaushe ya ce wane ya kamu da ciwon zuciya, sau da yawa baƙin ciki yake nufi, ko wani ɓacin rai da ya daɗe yana cin mutum. Haka kuma idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a gona, aka ɗauke shi babu rai, sai a ce mutuwar fuju'a ce, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ba tare da an san abin da ya auku cikin ƙirjinsa ba. A tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai wata cuta da ke ɓoye, wadda ba ta da tsayayyen suna a bakin jama'armu, alhali kuwa ita ce kan gaba wajen kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun hallaka mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Kimanin rabin wannan adadi kuwa aikin cutar da za mu yi magana a kanta ne, watau toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya.

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana yadda cutar take, sa'an nan mu yi bayanin wani awo da ake yi da na'urar hoto don ƙididdige kalsiyam da ya taru a bangon jijiyoyin, daga bisani mu dubi inda ya kamata a ajiye wannan awo cikin tsarin kiwon lafiyar Masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa.

2.0 ZUCIYA DA JIJIYOYIN DA KE CIYAR DA ITA

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kamar sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya ko da mutum yana kwance. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, duk da yake cikinta cike yake da jini, tsokar ba ta iya ƙoshi da jinin da ke ratsa ɗakunanta. Abincinta da iskarta suna zuwa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka tsiro daga gindin babbar jijiyar jiki suka kewaye ta kamar naɗin rawani. Guda biyu ne a tushe, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ba ta yi nisa ba ta rabu biyu, ɗaya ta gangara ta gaban zuciya ɗaya ta zagaya ta bayanta. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, watau kamar bututun tawada na cikin biro. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke samun fangali idan yashi ya cike hanyar da ruwa ke bi ya isa gare shi. To, haka kowane yanki na tsokar zuciya yake da tasa jijiyar, idan ta toshe kuwa wannan yanki ne zai ji jiki.

3.0 YADDA JIJIYA KE TOSHEWA

Cikin jijiya akwai wata fata mai santsi, siririya ƙwarai, wadda jini ke gudana a kanta. Hawan jini da hayaƙin taba da yawan sukari a jini suna ƙuje wannan fata a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan ƙuje-ƙuje ne maiƙon jini da ake kira kolestarol yake kutsawa ya zauna cikin bangon jijiya. Fararen ƙwayoyin jini sukan bi shi don su haɗiye shi, su ma su mutu a wurin, sai abin ya zama wani curi mai taushi da jiki ya lulluɓe da tantani. Wannan aiki yakan fara tun mutum yana saurayi, ya ɗauki shekaru ashirin ko talatin yana tafiya ba tare da wata alama ba. Yayin da curin ya tsufa sai jiki ya riƙa zuba masa kalsiyam, irin sinadarin nan da ke cikin ƙashi da haƙori, har wani sashe nasa ya taurare. Saboda haka kalsiyam a jijiyar zuciya tabo ne, shaida ce cewa an daɗe ana ɓarna a wurin.

Ya kamata mu kawar da wani zato tun a nan. Nonon da ake damawa da fura, ko ruwan rijiya mai barin farin ɓawo a cikin buta, ba su ne ke kawo wannan taruwa ba. Rauni da kumburin bangon jijiya ne ke jawo ta. Ita kuwa kanwa, haɗarinta yana wajen gishirin da ke cikinta ne, wanda ke ɗaga jini.

3.1 Alamomi

Cutar tana fitowa ta fuska uku. Ta farko, idan hanyar jini ta ƙuntata sosai, galibi idan kamar kashi 70 cikin ɗari na faɗinta ya tafi, mutum yakan ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji yayin da yake sauri ko huɗa ko hawan tudu, wani lokaci abin ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, idan ya huta minti kaɗan ya lafa. Wani likitan Ingila, William Heberden, shi ya fara siffanta wannan ciwo filla-filla a Landan a 1768. Ta biyu, tantanin curin yakan fashe farat ɗaya, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya ɗungum. A nan ciwon ba ya lafawa da hutu, ga zufa ga tashin zuciya ga haki, tsokar kuma takan fara mutuwa cikin rabin sa'a, idan aka ɗauki sa'o'i ba a buɗe hanyar ba abin da ya mutu ya mutu ke nan. Ta uku ita ce mutuwar fuju'a. Abin tsoro shi ne, curin da ke fashewa sau da yawa bai ƙuntata hanya har ya ba da alama ba kafin ranar. Ga shi kuma a wurinmu akan ɗauki zafin ƙirji a matsayin ƙwannafi ko gyambon ciki, a sha jar kanwa a kwanta, mata da masu ciwon sukari kuwa wani lokaci gajiya da haki kawai za su ji.

4.0 CUTAR A ƘASAR HAUSA, JIYA DA YAU

Likitocin da suka yi aiki a Arewa cikin shekarun 1970 ba su cika ganin wannan cuta ba. Abin da ya cika musu gadaje shi ne gazawar zuciya saboda hawan jini, da lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, da kumburin masu jego. A kan wannan na ƙarshe ne Neil Davidson da Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincikensu a 1978, bayan sun bi mata 224 a Zariya, inda suka danganta cutar da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Daga irin wannan gani ne ra'ayi ya kafu cewa toshewar jijiyar zuciya cutar Turawa ce.

Akwai gaskiya a cikin ra'ayin a wancan zamani, gama mutumin karkara yana cin gero da dawa da ganye, yana tafiya a ƙasa, yana aikin ƙarfi, kuma da yawa ba sa kai shekarun da cutar ke bayyana. Amma akwai kuma rashin gani, domin asibitocin da ke da na'urar awon bugun zuciya kaɗan ne, binciken gawa kuwa ba al'adarmu ba ce. Wani bita da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka buga a 2006 ya nuna cewa masu wannan cuta ba su kai ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka kwantar a sashen cututtukan manya cikin shekara biyar ba, amma dai akwai su. Daga baya, wata rajista ta ƙasa baki ɗaya wadda Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta ta tattara majinyata 1,072 tsakanin 2013 da 2018. Matsakaicin shekarunsu ya kama 59, kimanin biyu cikin uku maza ne, kuma kusan huɗu cikin biyar suna da hawan jini. Waɗannan kuwa su ne suka isa manyan asibitoci da ransu.

Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san Daura ta shekaru arba'in da suka wuce ya kuma dubi ta yau. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, shinkafa da taliya da lemon kwalba sun shiga kowane gida, ɗunƙulen ɗanɗano ya hau kan gishiri da kanwa a tukunya, teɓa kuma har yanzu alamar wadata ce a idon mutane. Binciken da Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa abubuwa tara ne ke ɗauke da kimanin kashi 90 cikin ɗari na haɗarin bugun zuciya a ko'ina, a cikinsu har da taba da maiƙon jini da hawan jini da ciwon sukari da teɓa da rashin motsa jiki. Babu wata al'umma da jinsinta ya tsare ta daga waɗannan.

5.0 AWON KALSIYAM

5.1 Asalinsa

Tun ƙarshen ƙarni na 18 aka san jijiyar zuciya tana taurarewa. Edward Jenner, wanda ya shahara da lambar agana, ya ba da labarin cewa yana binciken gawar wani mai ciwon ƙirji sai wuƙarsa ta ci karo da wani abu mai tauri, har ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin yana zaton ɓarɓashin yaɓe ne ya faɗo, ashe jijiyar ce ta zama kamar ƙashi. Matsalar ita ce yadda za a ga wannan a jikin mai rai. Hoton eksire, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana nuna kalsiyam ne kawai idan ya yi yawa ƙwarai. A 1971 aka fara amfani da na'urar Godfrey Hounsfield a Landan, wadda ma'aikatan asibiti ke kira siti-sikan, mai ɗaukar hoton jiki sala-sala kamar yankan kilishi, kwamfuta ta harhaɗa. Wannan aiki ya ba shi lambar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Sai dai na'urorin farko suna da nawa, zuciya kuwa ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. A cikin shekarun 1980 aka ƙera wadda ke ɗaukar sala ɗaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma da ita ce Arthur Agatston da Warren Janowitz da abokan aikinsu a Amurka suka fito da hanyar lissafin da suka buga a 1990, wadda ake amfani da ita har yau.

5.2 Yadda ake yinsa

Mutum zai kwanta rigingine, a manna masa wayoyi a ƙirji don na'ura ta bi bugun zuciyarsa ta ɗauki hoto a daidai lokacin da zuciyar ta fi natsuwa. Zai riƙe numfashi na daƙiƙa goma ko makamancin haka. Ba a yin allura, ba a zuba rini a jini. Kaurin kowace sala milimita 3 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Hasken da ke shiga jiki kimanin milisibat 1 ne, watau ƙasa da rabin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda, wanda matsakaicinsa a duniya ya kai 2.4.

5.3 Lissafin maki

Na'urar tana auna taurin kowane ɗigo na hoto da ma'aunin Hounsfield, inda ruwa yake 0, iska take 1,000 ƙasa da sifiri, ƙashi kuwa ya haura ɗaruruwa. Duk tabon da ke cikin jijiya wanda taurinsa ya kai 130, faɗinsa kuma ya kai murabba'in milimita 1, ana lissafa shi kalsiyam. Sa'an nan a ba shi daraja bisa ga mafi taurin ɗigonsa:

130 zuwa 199, daraja 1
200 zuwa 299, daraja 2
300 zuwa 399, daraja 3
400 zuwa sama, daraja 4

Sai a ninka faɗin tabon da darajarsa, a tara na dukan saloli da dukan jijiyoyi. Alal misali, idan an sami tabo mai faɗin 12 da tauri 250, makinsa 24 ne. Wani kuma mai faɗin 30 da tauri 420, makinsa 120 ne. Jimlar makin mutumin 144 ke nan.

5.4 Ma'anar maki

An saba kasa sakamakon gida huɗu: 0, babu kalsiyam, 1 zuwa 99, kaɗan, 100 zuwa 299, matsakaici, 300 zuwa sama, mai yawa. Babbar hujjar wannan rabo ta fito ne daga wani bincike da aka fara a Amurka a shekarar 2000, inda aka auna mutum 6,814 masu shekaru 45 zuwa 84 waɗanda ba a san su da ciwon zuciya ba, aka bi rayuwarsu. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa wanda makinsa ya haura 300 yana da haɗarin cutar kusan ninki goma na mai maki 0. A kan haka ne ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ba da shawara a 2018 cewa a yi awon ga mai shekaru 40 zuwa 75 wanda haɗarinsa yake tsaka-tsaki, likita kuma yana shakkar ko a fara ba shi maganin rage maiƙon jini na dangin sitatin. Idan maki 0 ne ana iya jinkirtawa, sai fa ga mai shan taba ko mai ciwon sukari ko wanda cutar ta kama danginsa na kusa da ƙuruciya. Idan 1 zuwa 99 ne an fi karkata ga farawa, musamman daga shekara 55. Idan ya kai 100 kuwa a fara.

6.0 IYAKAR AWON

Na farko, awon yana ganin tsohon curi ne wanda ya taurare, ba ya ganin ɗanye mai taushi, alhali shi ma yana fashewa. Don haka maki 0 a jikin ɗan shekara 35 bai wanke shi ba. Na biyu, awon na mai lafiya ne da ake son sanin gabansa. Wanda ƙirjinsa ke ciwo yanzu, abin da yake bukata shi ne awon bugun zuciya na lantarki da gwajin jini cikin gaggawa, daga baya a yi hoton jijiyoyin da rini, irin wanda Mason Sones ya fara a 1958. Na uku, yawan maki bai nuna inda hanya ta ƙuntata ba, kuma shi kaɗai ba dalili ba ne na yi wa mutum aiki. Na huɗu, kalsiyam ba ya narkewa da magani. Sitatin ma yakan ƙara taurin curi yayin da yake rage haɗarinsa, saboda haka maimaita awon don a ga ko magani na aiki ɓarnar kuɗi ce. Na biyar, hoton yakan haɗa da wani sashe na huhu, a ƙasar da tarin fuka ya bar tabo a ƙirjin mutane da yawa kuwa wannan yakan jawo fargaba da ƙarin awo marar amfani. Ba a kuma yi wa mai ciki.

Na shida shi ya fi shafarmu. Binciken Amurka da muka ambata ya sami kalsiyam a jikin kimanin kashi 70 cikin ɗari na mazan Turawa, amma kashi 52 ne kawai a mazan baƙaƙen fata, ko bayan an daidaita sauran dalilai bambancin bai gushe ba. Makin ya ci gaba da nuna haɗari a kowace al'umma, sai dai jadawalin da ake gwada mutum da sa'o'insa a kansa an gina shi ne a kan mutanen can. Baƙin Amurka kuwa ba ɗaya suke da manomin Zango ko mahaucin Mai'aduwa ba wajen ci da aiki da cututtukan da suka sha. Ya wajaba likitanmu ya karanta makin tare da awon jini da tarihin mutum da na danginsa.

7.0 ABIN DA YA DACE DA ƘASAR DAURA

Daura tana da Babban Asibiti da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, an kuma buɗe asibitin rundunar sojan sama a garin a 2019. Manyan asibitocin koyarwa na Katsina da Kano da Shika su ne ake tura masu bukatar ƙwararren likitan zuciya, mafi kusa kuwa yana da nisan kimanin kilomita 80. Idan aka haɗa kuɗin mota da na hoto da na mai rakiya, awon kalsiyam ɗaya zai iya sayen maganin hawan jini na watanni masu yawa. Bisa ga wannan, muna ganin aikin ya kamata ya bi matakai uku.

Mataki na farko na kowa da kowa ne, kuma ba ya bukatar wata babbar na'ura: a auna jinin duk baligin da ya shiga ɗakin shan magani ko da ciwon kai ya kawo shi, a kuma kai ma'auni kasuwanni irin ta Mai'aduwa a ranar da take ci. Duk wanda jininsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a sa shi kan magani, a fahimtar da shi cewa ba a dainawa don an ji sauƙi. A ja hankalin masu girki cewa gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a rana ba, watau cokalin shayi ɗaya, har da na ɗunƙule da na kanwa. A nan hakimai da dagatai da limamai sun fi kowane likita murya.

Mataki na biyu shi ne ƙiyasta haɗari. A 2019 Hukumar ta fitar da jadawalai na yankuna 21 na duniya, har da na Afirka ta Yamma, kuma akwai wanda ba ya bukatar gwajin jini, sai shekaru da jinsi da taba da awon jini da nauyi da tsawo. Ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya koyonsa cikin yini guda. Haka kuma kowane babban asibiti ya kasance da na'urar awon bugun zuciya mai aiki dare da rana, da wanda ya iya karanta ta.

Mataki na uku ne wurin awon kalsiyam. A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara 55, jininsa ya ɗan hau, maiƙonsa tsaka-tsaki, ba ya shan taba, yana kuma ƙin shan ƙwaya kullum tun da ba ya jin ciwon kome. Irin wannan mutum, idan yana da hali, hoton zai raba gardama: maki 0 ya ba shi damar mai da hankali ga abinci da tafiya da maganin jini, maki 250 kuwa ya nuna masa da idonsa abin da baki ya kasa gamsar da shi. Wanda ya riga ya taɓa bugun zuciya, ko mai ciwon sukari da ya manyanta, ba ya bukatar awon, domin hukuncinsa a fili yake.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa toshewar jijiyoyin zuciya ta riga ta shigo ƙasar Hausa, kuma awon kalsiyam hanya ce ingantacciya ta gano ta kafin ta ba da alama, muddin an yi shi ga wanda ya dace. Akwai ayyuka biyu da muke miƙa wa mahalarta wannan taro. Na ɗaya na likitoci ne da masana hoto na jami'o'inmu: su tattara makin mutanenmu, har daga hotunan ƙirji da ake ɗauka don wasu dalilai, don a sami ma'auni na gida. Na biyu na malaman harshe ne: a zauna da likitoci a tsayar wa cutar suna guda na Hausa wanda zai raba ta da ɓacin rai da ƙwannafi, a sa shi a rediyo da littattafan makaranta. Mutumin da ya san sunan abin da ke matse masa ƙirji ya fi saurin neman mota zuwa asibiti a cikin sa'ar da ake iya ceton tsokar zuciyarsa.